Zagayen Fabrairu na neman gurbin horon likitoci a Birtaniya: amsa ga ƙanwarmu

Wa alaikumus salam, ƙanwata Dakta. Kin ce kina da rajistar GMC, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Birtaniya, kina aiki a wani asibiti a Ingila amma ba a layin horo ba, kin nemi horon GP, wato likitan iyali, a zagayen farko Allah bai nufa ba, yanzu kina tambaya ko ki shiga zagayen da ake kama aiki a Fabrairu ko ki haƙura sai an buɗe na gaba. Ki shiga. Ni ma a Fabrairu na fara nawa horon, kuma takardar da ake ba mutum a ƙarshe iri ɗaya ce da ta wanda ya fara a Agusta. Sai dai akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, ina so ki cire ta daga ranki tun yanzu.

Za ki ji wasu yayyenmu suna cewa zagayen baya shi ne rabon baƙi, wai can ba a tururuwa. A zamaninsu gaskiya ne. Kafin Oktoban 2019, dokar biza ta tilasta a fara duba mazauna ƙasa da 'yan Tarayyar Turai, sai in gurbi ya yi saura a waiwayi irinmu. Shi ya sa likitocin Najeriya da Sudan da Indiya da Pakistan suke zuba ido sai an sake tallata guraben da ba a cike ba. A Oktoban 2019 ɗin ne aka sa likitoci duka cikin jerin sana'o'in da ake ƙarancinsu, kowa ya samu damar nema tun zagayen farko. Daga nan lissafin ya sauya. Yau zagayen Fabrairu ba kasuwar yamma ba ce da ake karyar da kaya. Gurabe kaɗan ne, ba kowane fanni ke buɗewa ba, kuma da yawa cikin waɗanda za ki kara da su mutane ne irinki, sun riga sun zauna jarrabawar neman gurbin sau ɗaya, sun san inda ta ciji mutum.

Yadda aka saba, ana buɗe Oriel, shafin intanet da ake neman gurbi a kai, a ƙarshen Yuli, a rufe cikin Agusta, a yi MSRA, jarrabawar tantance masu nema, wajen Satumba, sakamako ya fito zuwa Oktoba. Kusan lokacin ne kuma ake buɗe zagayen farko na shekara mai zuwa, don haka ko ba ki samu ba, ba ki rasa komai ba, sai dai ki shiga na gaba da karatunki da ɗuminsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin likita mai ƙwazo an cire sunansa tun kafin jarrabawa saboda takarda. Fom ɗin CREST, wanda ke shaida cewa kin kai matakin wanda ya gama horon farko na nan, dole kwansaltan, wato babban likita, da ya yi aiki da ke aƙalla wata 3 ya sa masa hannu, kuma aikin ya kasance cikin shekara 3 da rabi kafin ranar kama aiki. Ki duba lokacin da ake buɗe zagayen: makarantu sun tashi, kwansaltoci sun kwashi iyali sun tafi hutu, a farkon Agusta kuma asibiti na fama da sababbin likitoci. Ki kai fom ɗin tun Yuni. Ko kina da wanda kika yi amfani da shi a zagayen farko, ki tabbata bugun da ake karɓa ne a bana, ranakun kuma ba su fita daga wa'adi ba. Idan malaminki na gida ne ya sa hannu, sai an haɗa da shaidar rajistarsa. A tarihin aiki kuma, ki jera shekararki ta horon farko a asibitin koyarwa da ta bautar ƙasa da ranakunsu daidai, duk giɓin da ya kai wata guda ki rubuta dalilinsa, ko haihuwa ce ko zaman jiran PLAB, jarrabawar samun rajistar GMC.

Sai MSRA. A GP ba ganawa, ba wanda zai ga fuskarki ya ji irin hannun da kike da shi a kan majinyaci. Takarda biyu ce: ta sanin aikin likita, tambaya 97 a minti 75, da ta sanin ya-kamata a wurin aiki, tambaya 50 a minti 95. Mu da muka yi karatu a gida ba mu cika faɗuwa a ta farko ba, illa sauri da take so. Ta biyun ce ke cinye mana maki, kuma ba don rashin hankali ba. An tarbiyyantar da mu kada mu tsallake babba, nan kuwa idan babbanki ya shigo aiki yana warin giya, amsar da ake so ita ce ki fara kare majinyaci, ki kai maganar sama. A gida, ɗan majinyaci zai ja ki gefe ya ce kada a gaya wa Baba ciwon daji ne, mu ga ya yi tausayi. A nan, labarin ciwon na Baba ne, ba za a faɗa wa ɗan ba ma sai da izininsa. Ki karanta ƙa'idojin GMC na kyakkyawan aikin likita, bugun 2024, daga farko har ƙarshe, sannan ki riƙa yin tambayoyin gwaji da agogo a gabanki. Kuma da zarar an turo saƙon zaɓen wurin jarrabawa a Pearson VUE, kamfanin da ke da cibiyoyin jarrabawar, ki zaɓa a ranar, don kujerun kusa da gida ba sa daɗewa.

Don Allah kada ki ajiye aiki wai don ki samu lokacin karatu. Tun Yulin 2025 gwamnati ta bayyana a shirinta na lafiya na shekara 10 cewa za ta fifita waɗanda suka yi karatu a Birtaniya da waɗanda suka daɗe suna aiki a NHS, hukumar lafiya ta ƙasar. Kowane wata da kike yi a bakin aiki na iya yin nauyi. Ki ɗauki hutunki na shekara kusa da jarrabawa, ya wadatar.

Wurin zaɓen gari ne na ga an fi yin kuka. Tunda kin ambaci maigida da yara 'yan makaranta, ku zauna tare da taswira kafin ki jera komai. Guraben da ke fitowa a wannan zagayen sau da yawa na garuruwa ne masu nisa da manyan birane, wasu sai an yi tafiya kafin a samu masallacin Juma'a ko mahaucin halal, kuma aikin GP yana son mota. Idan tayi ya zo, awa 48 kawai gare ki, ban da ƙarshen mako. Kada ki sa garin da kin san ba za ki iya zama ba da niyyar a sauya miki daga baya. Sauyin yanki ba shi da tabbas, kuma wanda ya ajiye horo a tsakiya ba zai sake neman fannin ba sai da takardar goyon baya daga shugabannin horon da ya bari. Amma ki kunna zaɓin ɗaukaka tayi, domin idan wani ya ƙi nasa, ana iya matsar da ke zuwa garin da kika fi so.

Farawa a Larabar farko ta Fabrairu na da nata wahalar, ba zan ɓoye miki ba. Tsakiyar hunturu ne, asibitoci a cike, ku sababbi 'yan kaɗan ne, sauran sun riga ku da wata 6 sun saba da juna. Yara za su sauya makaranta a tsakiyar shekara. Sauya ma'aikata kuma na nufin sabuwar takardar ɗaukar nauyi da sabuwar biza, ga wa'adin sanarwar barin aiki da ke cikin kwantiraginki, ki duba shi tun yau. Amma ƙarancinmu ya sa masu horar da mu suka san kowa da sunansa, abin da ya taimake ni ƙwarai a watannin farko.

Idan kin cike fom ɗin, kada ki tura sai wani da ya taɓa bi ta nan ya duba miki, kuma ki tura da sauran kwanaki, ba ranar rufewa ba. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka.