Kada ka yi wa kwamfutar nan fomatin, matsalar tana cikin kebul ɗin

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na karanta tambayarka: ka sayi kebul na USB zuwa siriyal don loda firogiram a kan bod ɗin firojek ɗinka mai IC na ATmega, kwamfutarka Windows 11 ce, ka sa direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kebul ɗin, har ka gaji amma alamar rawaya tana nan a Device Manager da Code 10, mai shago kuma ya ce sai an yi fomatin. Wallahi raina ya sosu, don wannan wahalar na san ta, kuma duk shekara idan lokacin firojek ya zo ɗaliban Hassan Usman Poly da na jami'ar Umaru Musa suna faɗawa cikinta. Don Allah kada ka bari a taɓa maka Windows. Ko sau nawa aka sake ta, da ka soka kebul ɗin nan Code 10 zai dawo.

Abin da aka rubuta a jikin leda ba shi ne abin dubawa ba, IC ɗin da ke cikin kan kebul ɗin shi ne magana. Danna dama a kan na'urar mai alamar rawaya, shiga Properties, sannan Details, ka zaɓi Hardware Ids. Idan ka ga VID_067B da PID_2303, na Prolific ne, wato PL2303. VID_1A86 da PID_7523 CH340 ne. VID_10C4 da PID_EA60 CP2102 ne na Silicon Labs, VID_0403 da PID_6001 kuma FT232R na FTDI. Kowanne da direbansa, na wani ba ya yi wa wani aiki. Daga yadda ka kwatanta, zuciyata ta fi karkata ga 067B.

Idan shi ne, ga abin da ke faruwa. Tsohon samfurin PL2303HXA an daina yin sa tun 2012, kuma an cika duniya da jabunsa, sai kamfanin ya sa sababbin direbobinsa su ƙi tayar da shi. Wani lokaci ma a wurin sunan fot ɗin za ka ga an rubuta cewa an daina shi tun 2012, ka tuntuɓi wanda ya sayar maka. Ka tuntuɓi wa? Nan ne abin yake min ciwo. Masu kawo kayan nan da katan-katan sun san abin da ke ciki. Yaro ya tara kuɗin abincinsa ya saya, ya koma ya ce ba ya aiki, a ce masa ai a namu yana yi, kwamfutarka ce ta lalace. A gwada masa a wata tsohuwar Windows 7 da ba ta taɓa ganin intanet ba, ya tashi, shi ke nan an wanke hannu. Sannan wanda ya sayar da jabun shi ne zai karɓi kuɗin fomatin, fayilolin yaro su tafi, wani har da rubutun firojek ɗinsa na wata da watanni. Kuma ba a karɓar kaya idan an buɗe leda, alhali ba yadda za ka san abin da ke ciki sai ka buɗe. Wannan ba kasuwanci ba ne, zalunci ne, Allah Ya isar wa yaran mutane.

To, maganin wucin gadi shi ne tsohon direba na 2008, mai lamba 3.3.2.105, wanda bai san wannan bambancin ba. Amma sa shi kaɗai ba ya isa, kuma a nan mutane suke shan kaye: Windows tana zaɓar wanda ya fi sabunta ne a cikin waɗanda take da su. Ka cire intanet tukuna. Bayan ka sa tsohon, koma Device Manager, Update driver, Browse my computer, sannan Let me pick from a list, ka zaɓi mai 2008 da hannunka. Ka riƙe ramin USB ɗaya, domin idan ka canza rami Windows tana ɗaukarsa sabuwar na'ura ce, ta sake ɗora masa sabon direban. Idan kana son ka huta, buɗe Command Prompt a matsayin admin, rubuta pnputil /enum-drivers, nemo na Prolific sabo, ka lura da sunansa irin oem da lamba, sai ka goge shi da pnputil /delete-driver, sunan fayil ɗin, /uninstall /force. Ka duba lambar da kyau kafin ka danna, kada ka goge na wata na'urar. A Device installation settings kuma ka zaɓi No, in ba haka ba ranar da ka kunna data zai dawo.

A Windows 11 akwai ƙarin ƙaya. Memory integrity da ke ƙarƙashin Core isolation yakan hana tsofaffin direbobi lodi. Kashe shi yana sa abin ya tashi, amma kariya ce ka rage wa kwamfutarka, ni kam ba na son haka a kwamfutar da mutum yake shiga bankinsa da ita. Haka nan tsohon direban, ka kula da inda za ka sauke shi, shafuka da yawa suna cusa ƙwayar cuta a ciki. Su kuma manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ka nisance su, su ne ma suke maido da sabon da ka sha wahalar cirewa.

Gaskiyar magana, idan da hali ka ajiye kebul ɗin ka nemi ƙaramin modul mai CP2102 ko CH340. Na CH340 fayil ɗaya ne, CH341SER.EXE daga shafin WCH, kamfanin da ya ƙera shi, ka danna Install ya ƙare. Ka tafi shagon da laftof ɗinka, a soka a gabanka, ka ga COM, wato sunan fot ɗin a Device Manager, ya fito babu rawaya kafin ka miƙa kuɗi. Na FTDI yana da kyau idan na asali ne, amma shi ma jabunsa ya yi yawa, a 2014 ma an taɓa fitar da direban da yake mayar da PID na jabun ya koma 0000.

Ban sani ba ko kana da USBasp, wata ƙaramar na'urar loda firogiram, a gefe, tunda ka ambaci ATmega. Shi ba ya fitowa a matsayin COM ko kaɗan, kada ka ɓata dare kana nemansa a can. Manhajar Zadig ake amfani da ita wajen sa masa direba: Options, List All Devices, ka tabbata ka zaɓi mai 16C0 da 05DC, ka sa masa libusbK. Ka natsu wajen zaɓen, idan ka ɗora wa maus ko kibod ɗinka za su daina aiki nan take.

Idan kuma lambar ta canza zuwa Code 43, ko aka ce Device Descriptor Request Failed, wannan ba direba ba ne. Waya ce ta tsinke a ciki, ko ramin ya saki, ko hob mai arha ba ya ba da isasshiyar wuta. Idan ka soka bod kai tsaye fitilarsa ta kama amma kwamfuta ko ƙara ba ta yi ba, mai yiwuwa wayar caji ce kawai mai zare biyu, babu na data. Da ƙurar hunturun nan tamu ma ramukan suna cikewa, ka hure su. In kana kan janareta, cire cajar laftof ka gwada da batir.

Da zarar COM ya fito, kafin ka haɗa bod, ka haɗa TX (wayar aikawa) da RX (wayar karɓa) na kebul ɗin da guntuwar waya, buɗe manhajar PuTTY a kan wannan COM ɗin da gudun 9600, ka yi rubutu. Idan haruffan suna dawowa a allo, kebul da direba sun gama nasu. Sauran sai wayarin: TX zuwa RX, RX zuwa TX, GND a haɗe, kuma idan bod ɗin na 3.3V ne kada ka ba shi 5V. Ka rufe PuTTY kafin ka loda, manhaja biyu ba sa riƙe fot ɗaya.

Ka ɗauko hoton Hardware Ids ɗin ka turo nan, da na shafin Driver inda lambar sigar take, sai mu san takamaimai wanda za ka goge. Allah Ya ba da sa'a a difens.