Caji, sisi da «sorry»: amsar tambayoyin masu karatu

Wani ɗalibi daga Mabera ya rubuto yana tambaya: me ya haɗa cajin waya da caji ofis, har kalma ɗaya take ɗaukar su biyun?

Malam, abin da ya haɗa su shi ne ɗora kaya. Kalmar Turanci «charge» ta shigo harshen Ingilishi daga tsohon Faransanci, inda asalin ma'anarta shi ne yi wa amalanke ko dabba lodi. Saboda haka ɗan sandan da ya rubuta tuhuma ya ɗora wa mutum laifi, mai gyaran babur da ya ce a ba shi naira 2,000 ya ɗora wa mai babur kuɗi, shi kuma yaron da ke zaune a rumfa da jeren soket da ƙaramin janareta yana ɗura wa batir wuta. Da kalmar ta zauna a bakin Bahaushe sai ya ƙara mata aikin da Bature bai ba ta ba, har ka ji wanda lissafi ya rikita yana cewa kansa ya ɗauki caji. A ganina wannan Hausa ce tsantsa, kuma babu dalilin auna ta da ƙamus ɗin Ingila.

Wata malamar firamare daga Wurno kuma ta tambayi asalin «ko sisi ba ni da shi». Malama, sisi kuɗin Turawa ne, wato «sixpence», kwabo 6 ke nan, rabin sule. Sule kwabo 12 ne, sule 20 kuma su ne fam guda. Shi kansa kwabo daga «copper» ya fito, sunan jan ƙarfen da ake buga kwabon Turawa da shi a da. An daina lissafi da su a 1973 lokacin da naira ta maye gurbin fam, amma kuɗin ne kawai ya tafi. Har yanzu a kasuwannin karkara za ka ji dattijo yana ciniki da jaka, yana nufin naira 200, domin jaka fam 100 ce, fam kuwa da aka canza shi naira 2 ya zama. Jikansa da bai taɓa riƙe sisi ba yana rantsuwa cewa ko sisin kwabo bai samu ba.

Ta kuma tambaya ko «sorry» daidai take da sannu. Ba ko'ina ba. Idan yaro ya yi tuntuɓe muka ce masa «sorry», sannu muke nufi, amma mutumin Landan zai fi tambayar yaron ko bai ji ciwo ba, domin a kunnensa kalmar ta fi karkata ga ban haƙurin wanda ya yi laifi. Sannu da aiki da sannu da zuwa kuwa, kalmar ba ta isa can ba ko kaɗan.