Filin Tambaya da Amsa: Wasannin Amurka Uku a Bazara, Wanne Ya Cancanci Hana Ido Barci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'abocin ƙwallon ƙafar Turai ne, amma ƙanena da ke karatu a birnin Toronto na ƙasar Kanada ya dame ni da cewa daga Afrilu zuwa Yuni babu inda ake shan kallo kamar can, domin a lokacin ne ake buɗe kakar besbol, wato wasan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma ake shiga zagayen fitar da gwani a ƙwallon kwando da ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Ina so in gwada bi, sai dai duk cikin dare wasannin suke zuwa mana. Don Allah a fayyace mini yadda tsarin yake, kuma wanne ne ya cancanci in hana idona barci a kansa?
Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙanenka ya faɗi gaskiya, kuma ni kaina shekara da shekaru ke nan ina cikin masu raba dare saboda waɗannan watanni uku. Lokacin da mu a nan muke fama da zafin bazara muna jiran ruwan farko, su a can ƙanƙara ce take narkewa bayan doguwar hunturu, kuma jadawalin wasanninsu ya faɗo ta yadda gasa biyu suna gab da ƙarewa yayin da ta uku take sa ƙafa. Shawarata a taƙaice ita ce ka ba da barcinka ga waɗanda suke ƙarewa, ka bar mai farawa ta riƙa tafiya a hankali.

Zan fara da ƙwallon kwando domin shi ne ya fi kusa da mu. Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana buga wasa 82 daga Oktoba zuwa tsakiyar Afrilu, sannan 16 su shiga zagayen fitar da gwani, takwas daga gabas, takwas daga yamma. A nan ne wanda ya saba da Kofin Zakarun Turai zai ga bambanci, domin babu maganar gida da waje sau biyu a tashi. Ƙungiyoyi biyu suna iya karawa har sau bakwai, wadda ta riga cin wasa huɗu ita ce ta wuce, kuma sai an haye irin wannan siraɗi sau huɗu kafin a ɗaga kofi a watan Yuni. Abin da ya sa nake matuƙar son wannan tsari shi ne, yana da wuya sa'a ta ceci mai rauni. Cikin mako biyu kocin abokan hamayya ya gama karanta kowane ɗan wasa, ya san hannun da ya fi ƙwarewa da shi da kusurwar da yake tsoro, saboda haka duk wanda ya yi fice a wasa na shida ko na bakwai da guminsa ya yi. A 2016 Golden State Warriors ta ci wasa 73 cikin 82, abin da ba a taɓa yi ba, ta kuma yi gaba da ci uku da ɗaya a karawar ƙarshe, amma LeBron James da Cleveland suka cinye wasa uku a jere suka tafi da kofin. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Tunda daga Zariya ka rubuto kuma ƙanenka yana Toronto, ba zan wuce daren 12 ga Mayu 2019 ba. Azumi ake yi, babu wuta a unguwarmu, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda zafi ina kallo a waya da sauran cajin da na adana tun la'asar. Wasa na bakwai ne tsakanin Toronto Raptors da Philadelphia, ana kunnen doki 90 da 90, saura daƙiƙa huɗu da 'yan kai. Kawhi Leonard na Toronto ya karɓi ƙwallo ya nufi kusurwar dama, Joel Embiid na Philadelphia, ɗan Kamaru, ya bi shi ya miƙa dogon hannunsa, amma ya jefa ta sama da shi. Ƙwallon ta bugi bakin ƙarfen kwando sau huɗu, Leonard na tsugune a gefe yana kallonta, filin ya yi tsit, sannan ta faɗa ciki. Embiid ya fita yana kuka, ni kuma na kasa komawa kwanciya har aka tashi sahur. Wata guda bayan haka Toronto ta ɗauki kofin, karo na farko da ya fita daga Amurka, kuma mutumin da ya haɗa wannan ƙungiya, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi. Kafin shi akwai Hakeem Olajuwon ɗan Legas da ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995, bayansa kuma Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ci maki 50 a wasan da ya ba Milwaukee kofin 2021.

Ƙwallon gora na kan ƙanƙara kuwa baƙo ne a wurinmu, kuma kwanakin farko idonka zai sha wuya wajen bin ɗan faifan baƙar roba da suke bugawa, saboda ƙanƙantarsa da saurinsa. Ka yi haƙuri da shi. Gasar NHL tana da ƙungiyoyi 32, kuma tsarin fitar da gwaninta iri ɗaya ne da na NBA, wato sai an ci wasa 16 kafin a taɓa Kofin Stanley, wanda aka fara bayarwa tun 1893 kuma ake sassaƙa sunayen 'yan wasan da suka ci shi a jikinsa. Inda ya fi kowane wasa tsinka zuciya shi ne ƙarin lokaci. A zagayen fitar da gwani, idan aka gama minti 60 ana kunnen doki, babu bugun daga kai sai mai tsaron gida, sai dai a ci gaba da ƙara minti 20 bayan minti 20 har wani ya zura, kuma da zarar ta shiga raga wasa ya ƙare nan take. Mutanen Kanada suna kallon wannan kofi da ciwo a rai, domin su ne iyayen wasan amma rabon da ƙungiyarsu ta ɗauke shi tun Montreal a 1993. A 2024 Edmonton ta sha kaye uku a jere a hannun Florida, ta farfaɗo ta rama uku, sannan ta faɗi da ci biyu da ɗaya a wasa na bakwai. Duk da dukan da suke wa juna, idan karawa ta ƙare 'yan wasan ɓangarorin biyu sukan yi layi su gaisa hannu ɗaya bayan ɗaya, al'adar da nake fatan a ce an ɗauke ta a filayenmu.

Besbol a watan Afrilu ba abin raba dare ba ne. Kowace ƙungiya tana da wasa 162 a gabanta, kusan kullum ake bugawa, kuma sai Oktoba ake fitar da zakara. A wannan bazara ta 2019 ɗin Washington Nationals ta ci 19 kacal cikin wasanni 50 na farko, magoya baya suna ta kiran a kori koci, amma ita ce ta ɗauki kofi a ƙarshen shekara. Ka wadatu da duba sakamako da safe. Rana ɗaya ce nake so ka kalla, 15 ga Afrilu, lokacin da dukan 'yan wasa suke sa riga mai lamba 42 don tunawa da Jackie Robinson, wanda a irin wannan rana a 1947 ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers ya karya shingen da ya hana baƙar fata buga babbar gasa.

Game da lokaci, a waɗannan watanni tazarar awa biyar ce tsakaninmu da New York da Toronto, don haka wasan ƙarfe takwas na dare a can ƙarfe ɗaya na dare ne a Zariya, na gaɓar yamma kuwa yakan kai har asuba. Kada ka ɗauki alkawarin kallon komai. Ka zaɓi karawa ɗaya a NBA ka riƙa bin sakamakonta, sai ta kai wasa na shida ko na bakwai ka kwanta da wuri bayan isha'i ka sa agogo ya tashe ka. A ƙarshen mako sukan buga wasu wasannin da rana a can, waɗanda ke zuwa mana tsakanin magariba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kuma da irinsu ya fi dacewa ka fara gwada na kan ƙanƙara, ƙanenka yana kan waya yana yi maka bayanin dokoki.