Na saurari Mark Twain amma ban yi dariya ba

Malam, ka ce ka saurari karatun Huckleberry Finn, littafin marubucin Amurka Mark Twain, amma barkwancin bai shige ka ba. Galibi daga mai karatun ne. Twain kansa ya rubuta a 1895 cewa labarin ban dariya irin na Amurka da murtukakkiyar fuska ake ba da shi, kuma ɗan shirun da mai labari ke yi shi ne gishirin. Don haka kada ka ƙara saurin sautin, shirun zai salwanta.

Fara da gajeren labarinsa na kwaɗon Calaveras (wani yanki a jihar California) na 1865. LibriVox, shafin intanet na littattafan saurare, kyauta ne, sai dai 'yan sa-kai ke karantawa, gwada murya biyu ko uku tukuna. Karin harshen mutanen bakin kogin Mississippi da ke cikin Huckleberry Finn kuwa akwai wuya, riƙe littafin kana bi. In ya gagara, nemi malamin adabin Turanci.