Amsa: Lokaci na ƙare mini a takardar insha'i ta jarrabawar aikin gwamnati

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu sosai amma lokaci na ƙare maka kafin ka kammala insha'i. Gyaran yana cikin yadda kake raba lokacin.

Idan an ba ka minti 90 kan batu ɗaya, kada ka fara rubutu a minti 15 na farko. Karanta tambayar sau biyu, ka ja layi ƙarƙashin kalmar umarni, domin "tattauna" na neman ɓangarori biyu, "tantance" kuma na neman hukuncinka. A nan da yawa ke faɗuwa: su haddace batu, su zuba shi ko da tambayar ta karkata wani gefen, mai duba takarda kuwa yana ganewa tun sakin layi na biyu. Rubuta matsayarka cikin jimla ɗaya a takardar gwaji, ka jera hujjoji huɗu ko biyar, kowace da misalinta.

Minti 65 na rubutu ne, sakin layi ɗaya ga kowace hujja. Ware ɗaya don hujjar masu saɓa maka, ka amsa ta da adalci. Minti 10 na ƙarshe na gyara ne.

Kafin ranar, nemi tambayoyin shekarun baya, ka riƙa rubuta insha'i ɗaya duk mako da biro, agogo na gabanka, domin hannun da ya saba da waya yana saurin gajiya. Alƙaluman da ba ka tabbatar ba, bar su. Kuskure ɗaya na sa a yi shakkar sauran hujjojinka.