Me ya sa sassarfa ke jijjiga mahayi?

Malam, ka ce bayanka na ciwo in dokinka ya shiga sassarfa, ko akwai dokin da ba ya jijjiga?

A sassarfa ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu ke sauka tare, kuma tsakanin taku duk huɗun suna barin ƙasa. Saukar ce ke dukanka. Dokin Aislan da Paso Fino na Kolombiya kuwa, ƙafa ɗaya-ɗaya suke saukewa cikin sauri, kullum ɗaya na ƙasa, kamar kana kan tabarma. Gado ne, an gano ƙwayar halittarsa a 2012.

Kada ka ɗaure wa dokinka ƙafafu don tilasta masa irin wannan tafiyar, jijiya za ka lalata. Ka riƙa ɗagowa kan likkafa da kowane taku na biyu. In yana gyaɗa kai ko ɗingishi, kira likitan dabbobi ya duba kofato.