Tambaya da Amsa: Zan iya yi wa rufin gidana mafitar iska da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana yana Rigasa, rufin kwano ne da silin, kuma tun shigowar bazara ɗakunan ba sa kwantuwa sai dare ya raba, ga wutar lantarki ba ta zama balle a dogara da fanka. Na ga wasu ma'ajiyoyin kaya a Kakuri da wata na'ura mai juyawa a kan rufinsu. Zan iya sayen irinta in kafa da kaina a gidan, da kuma ɗakin ajiyar da ke bayansa? Daga mai karatu a Rigasa, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya yin wani ɓangare na aikin da hannunka, amma ina so ka fara sanin inda zafin yake taruwa kafin ka kashe ko kwabo.

A watannin Maris da Afrilu kwano yakan wuni yana shan rana, sai iskar da ke tsakaninsa da silin ta gasu, har takan kai digiri 60 a ma'aunin Salshiyas idan ba ta da hanyar fita. Silin da bango su ne suke riƙe wannan zafi, su riƙa sako shi cikin ɗaki bayan magariba. Iska mai zafi sama take yi, saboda haka tana buƙatar mafita kusa da ƙololuwar rufi. Sai dai ba za ta fita ba sai wata ta shigo daga ƙasa ta maye gurbinta, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu: su kafa na'ura a sama, alhali an toshe ƙarƙashin bakin kwano da bulo da siminti ko'ina, sai ta yi ta juyawa babu abin da take ja.

Ƙa'idar gini ta Amurka ta tanadi murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane murabba'in mita 150 na faɗin silin. Gida mai mita 10 da mita 12 yana buƙatar murabba'in mita 0.8 ke nan, kuma an fi so a raba shi biyu, rabi a ƙasa rabi a sama. Na'urar da ka gani, idan wuyanta santimita 30 ne, kafarta ba ta wuce murabba'in mita 0.07 ba, don haka guda ɗaya ba za ta ɗauki nauyin gida ita kaɗai ba.

Shawarata ita ce ka bar kwanon gidan yadda yake tukuna. Idan rufinka mai gangare biyu ne, akwai bango mai kusurwa uku a kowane gefe. Ka fasa shi can sama ka sa bulo mai huji ko 'yar taga mai louvre wadda bakinta ya kalli ƙasa, sannan ka buɗe ƙananan kafofi a ƙarƙashin bakin kwano inda ya zarce bango. Kowace kafa ka rufe ta da ragar waya, domin jemagu da tsuntsaye da rina ba sa jiran gayyata, kuma ka ƙara girman kafar kaɗan tunda raga tana rage iska. Bayan hunturu ka share ƙurar da ta toshe ta.

Ɗakin ajiya kuwa gajere ne, kana iya kafa masa na'urar da kanka. Ka zaɓi wuri kusa da ƙololuwa, tsakanin katakai biyu, ka zana da'irar wuyan na'urar, ka yanke da almakashin kwano. Gefen sama na farantin gindinta dole ya shige ƙarƙashin kwanon da ke samansa, gefen ƙasa kuma ya hau bisa kwano, domin ruwa ya gangara ya wuce. Wanda ya saɓa wannan, ko ya zuba silikon kwalba guda sai ya ga yoyo a watan Agusta. Ka daidaita kanta ya tsaya sak, in ba haka ba za ta riƙa ƙara kuma ta lalace da wuri. Yankan kwanon babban gida dai ka bar wa kafinta.

Ina roƙonka ka hau da sassafe kafin kwano ya ɗau zafi, wani ya riƙe maka tsani, ka taka kan layin ƙusoshi kawai inda katako yake a ƙasa, kuma ka nisanci wayar wuta da ta shigo gidan. Idan silin ɗinka tsohon asbestos ne, kada ka yanke shi ko ka huda shi, domin ƙurarsa tana jawo cutar huhu mai tsanani.

Kada ka sa ran ɗakin zai koma kamar mai na'urar sanyaya ɗaki, saboda kwano yana tura zafi kai tsaye zuwa silin ko da iska tana ratsawa. Shafa wa kwanon farin fenti zai rage wannan sosai. Ka gama aikin kafin damina ta kankama, sannan ka kwarara ruwa daga sama da inda ka yanke, wani kuma ya tsaya a ciki yana duba ko zai ɗiga.